Bayyanawa bisa zaɓi

bayyanawa bisa zaɓi (suna, mace, fannin tsaron kwamfuta). Dabarar da ke ba mai riƙe da shaidar dijital damar nuna wani ɓangare na bayanansa ya ɓoye saura, sa hannun hukumar da ta ba shi shaidar kuma bai lalace ba. Misali: *Da bayyanawa bisa zaɓi ta nuna ƙasarta, ba ta nuna adireshinta ba.*

A tsarin SD-JWT na ƙungiyar IETF, hukuma ba ta rubuta bayanan a fili. Kowane bayani, suna ne ko ranar haihuwa, ana haɗa shi da wata lambar bazata, a niƙa su da lissafi irin SHA-256, sai a sa hannu kan sakamakon. Ainihin bayanan suna wajen mai shaida. Bayanin da ya ga dama ya miƙa, mai tantancewa zai sake lissafinsa ya gani ko ya dace. Ba don lambar bazatar ba, da an gano ranar haihuwa ta hanyar cinke, tunda ranakun ba su da yawa. Lasisin tuƙi na waya, ma'aunin ISO 18013-5 na 2021, haka yake aiki, kuma jakar shaidar dijital ta Tarayyar Turai ta ɗauki tsarukan biyu.

Sai dai sirrin ragagge ne. Sa hannun hukuma ɗaya ne duk inda aka kai shi, don haka masu tantancewa biyu na iya haɗa baki su gane mutum guda ne. Shi ya sa ake ba mutum kwafi da yawa, kowanne da nasa sa hannun, a yi amfani da shi sau ɗaya.