Samarin Pakistan Masu Zafin Jifa: Daga Fazal Mahmood Zuwa Naseem Shah

A wasan kurket babu aikin da ke cin jiki kamar na mai zafin jifa. Zai ja da baya ya sheƙo a guje, ya daka tsalle, ya dire a kan ƙafa ɗaya, ya saki ƙwallo mai tauri da nauyinta ya kai kusan giram 160 zuwa ga mai riƙe da sanda da ke tsaye taku ashirin da 'yan kai a gabansa. Idan ƙwallon na gudun kilomita 150 a awa, ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. A wasan kwana biyar, mutum ɗaya na iya maimaita wannan fiye da sau ɗari a yini. Kowace ƙasa mai buga kurket tana neman irin waɗannan 'yan wasa ruwa a jallo, amma ba na jin akwai wadda ta kai Pakistan samun su da ƙuruciyarsu, ko wadda ta kai ta asarar su.

Abin ya faro ne daga Fazal Mahmood. Shekara biyu kacal da shigar Pakistan sahun manyan ƙasashen kurket, a 1954, ya fitar da 'yan wasan Ingila 12 a filin Oval da ke Landan, baƙi suka doke masu gida. Fazal ba shi da gudun na bayansa, dabara ce makaminsa, amma shi ya sa yaran Lahore suka fara sha'awar jifa fiye da bugu.

A shekarun 1970 Sarfraz Nawaz ya zo da wata hikima da ta sauya wasan. Filayen Pakistan busassu ne, sabuwar ƙwallo ba ta daɗewa take kojewa, kuma a wancan lokacin an ɗauka tsohuwar ƙwallo ba ta da wani amfani ga mai zafin jifa. Sarfraz ya gano cewa in aka riƙa goge gefe ɗaya da zufa har ya yi santsi, aka bar ɗayan da kaushinsa, tsohuwar ƙwallo za ta karkata a iska ta ɓangaren da ba a zata ba, kuma sai ta kusa isa take yin haka. A Melbourne a 1979 ya fitar da mutum bakwai na Ostareliya a jere, maki ɗaya tak aka ci a hannunsa a tsakani. Ya koya wa Imran Khan sirrin. Imran, wanda ya fara buga wa ƙasarsa a 1971 yana ɗan shekara 18, shi ne ya haɗa dabarar da gudu, kuma da ya zama kyaftin ya ɗauki wata ɗabi'a da har yau ba ta bar Pakistan ba: in ya ga yaro mai zafin hannu, ba ya jiran ya gama nuna a wasannin cikin gida, sai ya jefa shi cikin manya.

Ina ake samo yaran? A lungu. Tun wajen shekarun 1970 samarin Karachi suka fara naɗe ƙwallon tanis da salatif irin na masu gyaran wutar lantarki, don ƙwallon fata tana da tsada, tana kuma fasa tagogin maƙwabta. Wannan ƙwallon ba ta da nauyi, saboda haka duk mai son ta yi gudu dole ya wulwula hannu da dukkan ƙarfinsa, kafaɗa ta saba tun yana ƙarami. Filin matsattse ne, wasan gajere, mai sanda ba ya wasa, don haka hanyar tsira ita ce a cilla ƙwallo daidai kan yatsun ƙafarsa. Da azumi, bayan tarawihi, akan kunna fitilu a unguwanni a yi ta gasa har sahur. Wannan makarantar ba ta da malami ba ta da rajista, amma ta yaye gwanaye fiye da cibiyoyin horo masu tsada.

Wasim Akram ɗanta ne. A 1984 ɗan wasan Pakistan Javed Miandad ya gan shi yana jifa a wajen atisaye a Lahore, bai taɓa buga babban wasa ba, ya sa aka tafi da shi New Zealand. Wasim da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya tambayi Miandad nawa zai riƙe na guzuri, don bai san ana biyan 'yan wasa ba. A wasansa na biyu na kwana biyar, a Dunedin a 1985, ya fitar da mutum goma yana ɗan shekara 18. Waqar Younis ya biyo baya a Nuwamban 1989 a Karachi, rana ɗaya da wani yaro ɗan Indiya mai shekara 16, Sachin Tendulkar. Su biyun, Wasim da hagu, Waqar da dama, sun fitar da mutum 414 da 373 a wasannin kwana biyar. Da suka ragargaji Ingila a gidanta a 1992, jaridun can suka ce maguɗi ne, ana ƙwarzanar ƙwallo. Da 'yan Ingila suka koyi dabarar suka doke Ostareliya da ita a 2005, jaridun nan dai suka kira ta fasaha. Wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa.

Sai dai tun a lokacin alamar matsala ta bayyana. Imran ya yi kusan shekara biyu ba ya jifa saboda tsagewar ƙashin ƙwauri. Waqar bai buga gasar cin kofin duniya ta 1992 da ƙasarsa ta lashe ba, ƙashin bayansa ya tsage. Mohammad Zahid, wanda ya fitar da mutum 11 a wasansa na farko a 1996, wasa biyar kawai na kwana biyar ya yi kafin ciwon baya ya gama da shi; yau ba kowa ke tuna sunansa ba. Shoaib Akhtar na Rawalpindi ya cilla ƙwallo a gudun kilomita 161.3 a awa a Cape Town a 2003, mafi sauri da aka taɓa aunawa, amma gwiwoyinsa da rigingimu ba su bar shi ya wuce wasa 46 na kwana biyar ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk jifa ɗaya, nauyin da ke sauka a ƙafar gaba ya ninka na jikin mutum sau da yawa, baya kuma na murɗewa, alhali ƙashin bayan matashi bai gama ƙwari ba sai ya haura ashirin.

Labarin da ya fi sosa mini rai shi ne na Mohammad Amir. Yana ɗan shekara 17 ya buɗe jifa a wasan ƙarshe na gasar duniya ta gajeren wasa a 2009, Pakistan ta ɗauki kofi. Shekara guda bayan nan ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya fitar da mutum 50 a wasannin kwana biyar. A watan Agustan 2010, a filin Lord's, jaridar News of the World ta bankaɗo cewa shi da Mohammad Asif sun taka layi da gangan a lokutan da aka tsara da wani dillali, da sanin kyaftin ɗinsu Salman Butt. Aka dakatar da Amir shekara biyar, kotu ta ɗaure shi wata shida. Laifi ya yi, babu musu. Amma yaro ne ɗan ƙauye mai shekara 18 da aka damƙa a hannun manya, kuma babban da ya kamata ya tsare shi ne ya kai shi ya baro. Ya dawo ya fitar da 'yan Indiya Rohit Sharma da Virat Kohli da Shikhar Dhawan a wasan ƙarshe na wata gasa a 2017 a Oval, sannan ya ajiye wasan kwana biyar a 2019 yana da shekara 27.

Na baya-bayan nan daga duwatsun arewa maso yamma suke gangarowa. Shaheen Afridi, dogon bahago daga Landi Kotal, shi ya karya lagon Indiya a Dubai a 2021, karon farko da Pakistan ta doke ta a gasar duniya. A shekarar da ta biyo ya ji ciwo a gwiwa a Sri Lanka, aka dawo da shi cikin 'yan watanni, gwiwar ta sake tashi ana tsakiyar wasan ƙarshe na gasar duniya a Melbourne. Naseem Shah na Lower Dir ya fara wasa a Brisbane a 2019 yana ɗan shekara 16, 'yan kwanaki bayan rasuwar mahaifiyarsa; a Fabrairun 2020 ya fitar da 'yan Bangladesh uku a jifa uku a jere. Kafaɗa ta hana shi gasar duniya ta 2023. Ihsanullah ya haska a gasar cikin gida ta shekarar, gwiwar hannunsa ta lalace, kwamitin likitoci da hukumar kurket ta ƙasar ta kafa ya ce ba a kula da ciwon yadda ya dace ba.

A duba yadda Ostareliya ta yi da Pat Cummins. Ya fara a 2011 yana ɗan shekara 18, ya yi bajinta a Johannesburg, sai ciwo ya kama shi. Bai sake buga wasan kwana biyar ba sai 2017. Duk tsawon lokacin hukumarsu ba ta sake shi ba, ba ta kuma gaggauta shi ba, ta jira jikinsa ya nuna. A 2021 ya zama kyaftin, a 2023 ya ɗaga kofin duniya.

Pakistan ba ta da matsalar nemo gwani, lungunanta sun ɗauke mata wannan aikin kyauta. Abin da ya rage wa hukumarta shi ne ta ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi kafin ƙashinsa ya yi ƙwari, ta ajiye likitocin da ba za a tursasa su sallami mai jinya don wata gasa ba, ta kuma sa ido a kan waɗanda ke kewaye da yaran nan a otal da ɗakin sauya kaya. Sama da shekara 70 bayan bajintar Fazal Mahmood a Oval, har yanzu ba ta yi wannan yadda ya kamata ba.