Kifin da Sarkin Siyam ya sa wa haraji

Yau za mu leƙa ƙasar Tailan, wadda a da ake kira Siyam, saboda wani ɗan kifi da bai fi tsawon yatsa ba. Kun sha ganinsa a TikTok ko a wajen masu sayar da kifin ado: ja ko shuɗi, jela baza-baza kamar ango a babbar riga, shi kaɗai a 'yar kwalba. Sunansa betta. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, wa ya sa shi a kwalbar nan?

Asalinsa kifin gonar shinkafa ne. Yana rayuwa a fadamu da kududdufai, inda ruwa ba zurfi, ga ɗumi, ga ciyawa ta cika ko'ina. Na dawan ba wani kyau gare shi ba, launinsa ƙasa-ƙasa da ɗan kore, jela guntuwa. Abin da ya ja hankalin manoma shi ne zafin ransa, don namiji ba ya ƙaunar ganin wani namijin. Mutanen can suna ce masa "pla kat", wato kifi mai cizo. A fadama faɗan ba ya daɗewa, wanda ya ji wuya sai ya shige ciyawa. Amma da mutane suka fara tsince masu taurin kai suna haɗa su haihuwa, sai aka samu waɗanda za su daɗe suna gwabzawa, 'yan kallo na zuba kuɗi. Wani binciken ƙwayoyin halitta da ya fito a 2022 ya nuna an haura shekara 1,000 ana kiwonsa.

Cacar ta yi ƙarfi har Sarki Rama na Uku, wanda ya mulki Siyam daga 1824 zuwa 1851, ya riƙa ba da lasisi yana karɓar haraji a kai. Ka ji fa, faɗan kifi ya shiga baitulmali! A 1840 wasu kifayen sarkin suka kai hannun wani likita ɗan Denmak, Theodore Cantor, ya rubuta bayaninsu a 1849. Sunan da ake kiransa da shi yau, Betta splendens, wani masani Bature ɗan Ingila, Charles Tate Regan, shi ya raɗa masa wajen 1910.

To, a nan kwalba ta shigo. Mai kiwon 'yan faɗa dole ya raba su, kowa da tulunsa, in ba haka ba su yayyaga juna kafin ranar wasa. Kuma kifin yana da wata baiwa: akwai wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar ɗagowa ya shaƙi iska kai tsaye, saboda ruwan fadama mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Ruwan da zai kashe wani kifin, shi sai ya jure. Baiwar nan ita ta zame masa bala'i. Da ya isa Turai a shekarun 1890, Amurka kuma a 1910, aka koma kiwonsa don kyau, 'yan kasuwa suka ga za a iya jera shi a ƙananan kofuna ba tare da ya mutu nan take ba. Daga nan aka fara cewa ai shi ya fi son matsatsi. A ganina wannan zancen mai shago ne kawai. Fadama ba ta da zurfi, gaskiya ne, amma tana da faɗi.

Su kuwa masu dasa ciyawa a cikin gilashin, nasu tarihin daga Landan ya taso. A 1850 wani masanin sinadarai, Robert Warington, ya bayyana gwajin da ya yi: ya sa ƙananan kifaye biyu da ciyawar ruwa a mazubi ɗaya, ya ga ciyawar na ba su iska. Da ruɓaɓɓun ganye suka fara dagula ruwan, sai ya zuba dodon koɗi suka cinye. Yau duk wanda ya shimfiɗa ƙasa da tsakuwa, ya dasa ciyawa, ya jira ta kama kafin ya saki betta, hanyar Warington ya bi. Ciyawar na tsotse wani ɓangare na dattin kifin, ta ba shi maɓoya da ganyen da zai kwanta kusa da saman ruwa. Masana kiwonsa na cewa a ba shi kusan lita 20, ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, a rufe saman don yana tsalle, a riƙa canza wani kaso na ruwan duk mako. Mu nan kuma a kula da hunturu, ƙaramin ruwa da wuri yake sanyi.

A 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Na dawan kuwa, mai guntuwar jelar nan, yana cikin jerin halittun da ake fargabar raguwarsu, don ana cike fadamun ana gine-gine, magungunan gona kuma na gurɓata sauran.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.