Gero da Kifi: Waiwaye Kan Ƙiba da Rama a Nguru da Gashuwa

Sa'ad da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a shekarar 1930, abin da ya tarar a akushin mutanenmu shi ne tuwon gero da miyar kuka, da fura, da shinkafar fadama, da bandar kifi. Jirgin ya riƙa kwashe gyaɗa da fatu da shanu, sannu a hankali kuma yana sauke mana sukari da fulawa.

A wancan zamani ba mai neman rama. Teɓa alamar wadata ce, rama kuwa tambarin yunwa, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka nuna. Yau likita ne ke umartar mai ƙiba ya bar burodi da lemon kwalba, ya koma ga tsabar hatsi, domin dusar ƙwaya na jinkirta narkewar abinci, ƙoshi ya daɗe, ci ya ragu. Sai dai kada mu zuzuta kakanninmu fiye da kima. Su ma sun yi surfe, sun ba dabbobi dusa. Bambancin shi ne turmi ba ya tsiraita ƙwaya kamar injin masana'anta, kuma mai daka da mai noma gumi ke cinye abin da suka ci.

Komawar ma ba ta da sauƙi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja zuwa Gashuwa, kachalla ta toshe magudanan ruwa, masuntan Bade suka ga kamu ya ja baya. Kifin da likita ke cewa a ci, taliyar leda ta fi shi araha.