Ciyar da ɗalibai a makarantun Nijar

Ciyar da ɗalibai, wanda a Nijar aka fi sani da sunan kantin, tsari ne na dafa wa yara abinci a cikin makaranta a ranakun karatu. An fi samun sa a makarantun firamare na karkara da na yankunan makiyaya. Ma'aikatar ilimi ce ke kula da shi, tare da tallafin abokan hulɗa, musamman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato PAM.

Amfaninsa

Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, daidai lokacin kaka, sa'ad da rumbuna ke cike. Amma daga Afrilu zuwa Yuni hatsi kan yi ƙaranci a gidaje da yawa, tiya ta yi tsada a kasuwa. A irin wannan lokaci ne ake cire yaro daga aji a tura shi talla ko kiwo, ko iyaye su tafi cin rani da shi. Yaron da ya zo da yunwa kuwa ba ya riƙe abin da malami ya faɗa. Inda tukunya ke kan wuta kullum, iyaye sun fi barin ƴaƴansu su kai ƙarshen shekara, musamman ƴan mata. A makarantun makiyaya, inda iyaye ke tafiya da bisashe neman ciyawa, abincin nan ne ke ba yaro damar zama wuri ɗaya ya yi karatu, shi ya sa a can akan ci sau uku a rana.

Abin da ake dafawa

Yawanci akan dama kunu da safe, da rana a yi tuwon hatsi ko na dawa, ko shinkafa da wake, da man girki da gishiri mai sinadarin iyodi. Kowanne da aikinsa. Hatsi yana ba da ƙarfi, wake da gyaɗa suna gina jiki, iyodi yana kare yaro daga maƙoƙo, man da aka ƙara wa bitamin A kuma yana kare ido daga dundumi.

Tuwo kaɗai yana cika ciki, amma ba ya hana tamowa ko ƙarancin jini. Don haka ake son ganye a miya, kamar zogala, kuka, rama da yakuwa, da kuma tumatir, karas da kabewa. Mangwaro, gwaba ko lemu bayan abinci suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana rage wannan, gara a raba shi da lokacin cin abinci. A 2018 an fitar da wani irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, wanda cibiyar bincike ta ICRISAT ta samar, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe fiye da na gargajiya.

Masu tafiyar da aikin

Kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa darakta da wakilan iyaye, shi ke karɓar kaya, ya ajiye, ya auna na kowace rana. Matan gari ne ke girki. A wurare da dama akan sayi hatsi da wake daga ƙungiyoyin ƙananan manoma na yankin, kuɗin ya zauna a hannun mutanen gari. Wasu makarantu suna da lambu, garken awaki ko injin niƙa.

Tsabta da ajiya

Buhu ba ya son ƙasa ko danshi, sai a ɗora shi kan katako a ɗaki mai iska. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta, kuma dafawa ba ta kawar da ita, zubarwa ake yi. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida yana rage zawo da tsutsar ciki.

Matsaloli

Makarantun da ke da kantin kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda ke buƙata. Akwai ƙarancin kuɗi, jinkirin isowar kaya, wahalar ruwa da itace, da rashin tsaro da ya rufe makarantu a sassan Tilaberi da Diffa. A birane irin su Maradi, Damagaram da Tawa, yara da yawa sun dogara ne da ƴan dalolin da ake ba su don sayen ƙosai ko awara a bakin makaranta.

Ranar tunawa

A watan Janairun 2016 shugabannin Tarayyar Afirka suka ware 1 ga Maris a matsayin ranar ciyar da ɗalibai ta Afirka. A Yamai aka yi bikin farko, ranar 1 ga Maris 2016.