Tarihin Tsarin Harhaɗa Manhaja: Daga Make Zuwa Wayar Hannu

Tsarin harhaɗa manhaja shi ne kayan aikin da ke karɓar rubutun da masu rubuta manhaja suka yi, ya mayar da shi abin da kwamfuta ko waya za ta iya aiki da shi. Rubutun nan ba a fayil ɗaya yake zama ba. Madaidaiciyar manhaja tana da ɗaruruwan fayiloli, babba kuwa dubbai. Kowane fayil sai ya bi ta hannun wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ke juya shi zuwa harshen inji, sannan wata ta ɗinke gutsattsarin su zama abu guda. Wani fayil yana dogara da wani, saboda haka akwai na gaba akwai na baya, kamar yadda ba a ɗora azara sai bango ya tashi. Tsarin harhaɗawa shi ke riƙe wannan jeri. Duk manhajar da ke cikin wayar ɗan kasuwa a Unguwar Lalle ko Isa, daga WhatsApp har ta banki, ta wannan hanya ta biyo.

Kafin tsakiyar shekarun 1970 yawanci da hannu ake wannan aiki, ko da ɗan jerin umarni da kowa ke rubuta wa kansa. Mai aiki yana tsakanin wahala biyu. In ya sake fassara dukan fayiloli duk lokacin da ya gyara layi ɗaya, zai yi ta zaman jira, domin kwamfutocin lokacin ba su da sauri kuma mutane da yawa ke rabon guda ɗaya. In kuwa ya fassara waɗanda ya tuna ya taɓa kawai, wata rana zai manta da ɗaya.

Irin wannan mantuwa ce ta haifi Make. A 1976, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, Steve Johnson ya shiga ofishin abokin aikinsa Stuart Feldman ransa a ɓace. Ya kashe safiya guda yana farautar kuskuren da ya riga ya gyara: gyaran yana cikin rubutu, amma ba a sake fassara fayil ɗin ba, don haka tsohon kuskure yana nan daram a cikin manhajar da yake gwadawa. Feldman, wanda shi ma ya sha irin wannan a daren da ya gabata, ya zauna ya rubuta kayan aikin da zai ɗauke wa mutum nauyin tunawa. Make ya bazu tare da tsarin Unix, musamman bugu na bakwai na 1979, kuma a 2003 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta ba Feldman lambar yabo saboda shi.

Dabarar ba ta da tsawo. Ana rubuta fayil mai suna Makefile, a cikinsa a jera ƙa'idoji. Kowace ƙa'ida tana faɗin abu uku: abin da ake son samarwa, abubuwan da ake samar da shi daga gare su, da umarnin da za a bayar. A ce akwai fayil main.c da aka rubuta da harshen C, yana aro daga defs.h, kuma daga su biyun ake samun main.o. Idan aka kira Make, sai ya duba lokacin da aka taɓa kowannensu na ƙarshe. In main.o ya fi su sabunta, ya bar shi ya wuce. In an gyara defs.h ƙarfe goma alhali an samar da main.o ƙarfe tara, ya san main.o ya tsufa, sai ya sake shi, ya kuma sake duk abin da ke bisansa har zuwa cikakkiyar manhaja. Abin da gyaran bai shafa ba, ba ya taɓa shi.

Akwai wani tabo da Make ya zo da shi tun ranar farko. Dole layin umarni ya fara da tazarar maɓallin Tab. In aka sa tazarar da aka saba sawa tsakanin kalmomi, ido ba zai ga bambanci ba amma Make zai ƙi aiki. Feldman ya gane illar da wuri, sai dai a lokacin mutum goma sha wani abu sun riga sun fara amfani da shi, yawancinsu abokansa, bai so ya ɓata musu fayilolinsu ba. Kunyar abokai goma sha wani abu ta sa miliyoyin mutane suna tuntuɓe a wuri ɗaya kusan shekara hamsin.

Babban rauninsa kuwa shi ne ya yarda da agogo, ya kuma yarda da abin da aka faɗa masa. In agogon kwamfuta ya karkace, ko mai rubutu ya manta bai ambaci defs.h a cikin ƙa'ida ba, Make zai ce komai daidai alhali ba haka ba ne. Daga nan al'adar make clean ta samo asali, wato a share duk abin da aka samar a faro daga tushe idan abu ya rikice. Kusan duk gyaran da aka yi a wannan fanni daga baya, ƙoƙari ne na rage buƙatar wannan sharar.

Matsala ta biyu ta taso ne da Unix ya rarrabu gida-gida, kowane kamfani da irin nasa. Manhajar da ta harhaɗu lafiya a kwamfutar wani sai ta ƙi a ta wani. Richard Stallman da Roland McGrath sun rubuta GNU Make a ƙarshen shekarun 1980, wanda ke iya gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, mai samar da wani jerin umarni da ake kira configure. Shi wannan kafin a fara komai yakan lalubi kwamfutar, ya rubuta 'yan ƙananan manhajoji ya gwada fassara su don ya ga me take da shi, me ba ta da shi, sannan ya tsara Makefile da ya dace da ita. CMake, wanda Bill Hoffman da abokan aikinsa na kamfanin Kitware suka fito da shi a 2000 don wani aikin sarrafa hotunan asibiti, ya faɗaɗa abin har ya haɗa da Windows. Ya samu karɓuwa sosai bayan da aikin KDE ya koma kansa a 2006.

Masu harshen Java sun bi tasu hanyar. Ant ya fito a 2000, Maven kuma ya kai bugunsa na farko cikakke a 2004 a hannun Jason van Zyl. Sabon abin da Maven ya yaɗa shi ne aron kaya ta intanet. Ba mai rubuta manhaja daga farko har ƙarshe shi kaɗai; kowa yana amfani da gutsattsarin da wasu suka riga suka rubuta. Da, sai mutum ya nemo su da kansa ya ajiye. Da Maven, suna da lambar bugu kawai zai rubuta, kayan aikin ya je babbar taska ya sauko da su, har da waɗanda su ma suka dogara da su. Sauƙin yana da farashi. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye ɗan gutsuren da ake kira left-pad, mai layi 11 kacal, daga taskar npm ta masu harshen JavaScript, sai harhaɗa dubban manhajoji ya tsaya cik har aka mayar da shi bayan 'yan sa'o'i. Waɗanda suka tsara wannan hanya sun ɗauka intanet yana nan kullum kuma da arha. Ɗalibin da ke koyon sana'ar a Sakkwato da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa ya san ba haka ba ne, domin harhaɗawar farko kaɗai tana iya lashe ɗaruruwan megabait kafin ya ga komai a allo.

Da manhajoji suka ƙara girma, sai hankali ya koma kan sauri. A 2002 Andrew Tridgell ya fitar da ccache, wanda ke ajiye sakamakon kowace fassara a rumbu. In aka sake kawo rubutu iri ɗaya, sai ya ɗebo daga rumbun maimakon ya sake wahala. Evan Martin, yana aiki a kan manhajar Chrome, ya ga Make yana cin kusan sakan goma yana lissafin abin da ya canza kafin ma ya fara aiki, ya rubuta Ninja, wanda ya sauko da wannan jira ƙasa da sakan ɗaya. Google yana da nasa na cikin gida mai suna Blaze, ya sake shi ga jama'a a 2015 da sunan Bazel. A nan aka rabu da dogaro da agogo kaɗai: ana lissafa wa kowane fayil wani tambari daga abin da ke cikinsa, wanda harafi ɗaya in ya canza shi ma zai canza. Ana kuma killace kowane aiki ta yadda ba zai ga fayil ɗin da ba a ambata masa ba, don haka mantuwa irin ta defs.h takan fito fili nan take. Tun da tambari ba ya ƙarya, ma'aikata dubu za su iya rabon rumbu ɗaya, abin da ɗaya ya fassara da safe saura su ɗauka kyauta.

Wanda ya fi shafar wayoyin ƙasar Hausa shi ne Gradle, wanda Hans Dockter ya jagoranta, kuma Google ya ɗauke shi a 2013 ya zama kayan harhaɗa manhajojin Android. Shi ke tattara rubutu da hotuna da kalmomin da ke fitowa a allo ya ƙulle su cikin fayil ɗin APK, wanda ake sawa a waya. Kalmomin ba a cikin rubutun manhajar ake cusa su ba, kowane harshe da jakarsa. Ta Hausa sunanta values-ha, domin ha ce alamar Hausa a ƙa'idar duniya ta sunayen harsuna. Ana ma iya raba ta biyu, values-ha-rNG da values-ha-rNE, abin da ke da amfani a ƙasar Gobir, inda a gefen Najeriya na iyaka ake rubuta 'ya'ya, a gefen Nijar kuma ƴaƴa. Idan mai waya ya zaɓi Hausa, Android zai leƙa wannan jaka. Kalmar da bai samu a ciki ba sai ya ɗauko daga jakar asali. Abin da ke sa a ga manhaja rabi Hausa rabi Turanci ke nan.

Tsohon APK yana ɗauke da komai da komai: dukan harsuna, hotuna na kowane girman allo, da rubutun kowane irin inji. Mai ƙaramar waya yana biyan data don kayan da ba zai taɓa amfani da su ba. A 2018 Google ya kawo Android App Bundle, daga watan Agusta na 2021 kuma ya wajabta shi ga sababbin manhajojin da ke shiga Google Play. Yanzu ana yanka manhaja gunduwa-gunduwa, kowace waya a aika mata uwar manhajar da gunduwar da ta dace da allonta da injinta da harshenta. Nauyin saukewa ya ragu, amma abin ya taɓa wata al'ada. A kasuwannin arewa ba kowa ke sauke manhaja daga intanet ba. Da yawa wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi suke samu, ko aboki ya tura musu ta Xender. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa, irin wannan turi na waya da waya ne kaɗai bai buƙaci sabis ba. Sai dai in aka tura uwar manhaja ba tare da gunduwoyinta ba, takan ƙi shiga ko ta riƙa mutuwa da an buɗe ta. Haka nan wanda ya sauya harshen wayarsa daga baya sai Google Play ya sauko masa da gunduwar sabon harshen, in ba mai manhajar ya rubuta wa Gradle kada ya raba harsuna ba.

Batu na baya-bayan nan shi ne amana. Tun a 1984 Ken Thompson ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun abu a cikin tafintan kansa, rubutu ya kasance tsaf amma abin da ya fito gurɓatacce. A 2020 aka gano maharan da suka kutsa tsarin harhaɗawa na kamfanin SolarWinds, suka cusa nasu a cikin sabuntawar da abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano wata ƙofar baya a cikin xz, manhajar matse fayiloli da ke cikin yawancin tsarin Linux, bayan ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin sakan. An ɓoye makullinta ne a cikin umarnin harhaɗawa irin na Autoconf, wurin da mutane ƙalilan ke karantawa. Ɗaya daga cikin magungunan da ake bi shi ne harhaɗawa mai maimaituwa: mutum biyu a wurare daban su harhaɗa rubutu ɗaya su samu fayil iri ɗaya sak, ta yadda in an yi cushe a gefe ɗaya tambarin zai saɓa. Hakan na buƙatar a cire duk abin da ke canzawa tsakanin kwamfuta da kwamfuta, kamar kwanan wata da sunan jaka da jerin da fayiloli ke zuwa. Aikin Debian, ɗaya daga cikin tsarin Linux, ya fara wannan gadan-gadan a 2013, kuma a yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na manhajojinsa suna harhaɗuwa ta wannan hanya.