Yadda ake kare shuke-shuken lambu daga sanyin da ke faɗowa ba zato

A farkon watan Afrilun 2021, hotuna sun bazu a duniya na gonakin inabi a yankin Burgundy na ƙasar Faransa, inda manoma suka jera dubban kyandira tsakanin kunyoyi, suka kunna su da tsakar dare. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗauka wani biki ake yi. Manoman kuwa ƙoƙari suke yi su ceci amfanin shekara guda daga sanyin darare kaɗan. Watan Maris na shekarar ya zo da ɗumi fiye da yadda aka saba, itatuwa suka yi toho da wuri, sai ga sanyi ya dawo ya same su a buɗe. Asarar ta kai ga gwamnatin ƙasar ta yi alkawarin tallafin Yuro biliyan ɗaya ga manoman da abin ya shafa.

Wannan matsala ce ta ƙasashe masu hunturu mai tsanani, kamar na Turai da Arewacin Amurka da arewacin ƙasar Sin, da kuma wurare masu tudu a wasu ƙasashe masu zafi. Duk dabarun da manoma suka gano don magance ta, daga na mai ƙaramin lambu a bayan gida har zuwa na mai gonar da ba a ganin ƙarshenta, asalinsu ɗaya ne: a riƙe ɗumin da ƙasa ta tara da rana, kada dare ya kwashe shi. Aikin kuma kafin faɗuwar rana ake gama shi, domin wanda ya jira sai ya ga ganye ya yi fari da safe ya riga ya makara.

Abin da sanyi yake yi wa shuka

Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma mafi yawan jikin ganye da toho da fure ruwa ne. Idan sanyi ya kai wannan matsayi, ƙanƙara takan fara tsirowa a 'yan sararin da ke tsakanin ƙwayoyin halittar shuka. Daga nan sai ta riƙa zuƙo ruwan da ke cikin ƙwayoyin, su motse, fatarsu ta yage. Da rana ta fito ƙanƙarar ta narke, sai a ga ganyen ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, bayan kwana ɗaya ko biyu ya yi baƙi.

Shuke-shuke sun bambanta wajen juriya. Tumatir da barkono da wake da kabewa da ganyen dankali sukan mutu da zarar sanyi ya ɗan gota sifili. Kabeji da karas da albasa da tafarnuwa sukan jure ɗan daskarewa. Shuke-shuken ƙasashe masu zafi, irin su ayaba da gwanda, ba sa jira sai ruwa ya daskare, domin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 ya isa ya tsayar da girmansu, ya ɓata 'ya'yansu.

Abin da ya sa sanyin ba-zata ya fi kowanne ɓarna shi ne shuka ma tana shiri. Idan sanyi ya riƙa shigowa sannu a hankali, itatuwan ƙasashe masu hunturu sukan tara sukari a jikinsu, su rage ruwa, su dakatar da girma, har su iya jure sanyin da zai kashe su a wani lokaci. Idan kuwa an yi kwanaki ana ɗumi, shukar takan saki wannan shiri, ta fitar da sabon toho mai taushi. Haka ya faru a jihar Florida ta Amurka. Sanyin watan Disambar 1894 ya kaɗe ganyen itatuwan lemu, ɗumi ya biyo baya suka sake toho, sai sanyin Fabrairun 1895 ya zo ya kashe su har gindi. Bayan wannan ne noman lemu a jihar ya ƙaura zuwa kudanci.

Sanyi iri biyu

Wajibi ne manomi ya san irin sanyin da ke tafe, domin maganin ɗaya ba lallai ya yi wa ɗayan aiki ba.

Iri na farko yana zuwa ne a daren da sama ta washe, babu gajimare, iska kuma ta kwanta. A irin wannan dare ɗumin da ƙasa ta sha da rana yakan tashi ya tafi sama babu abin da ya tare shi. Iskar da ke daf da ƙasa ita ce ke fara yin sanyi, alhali ta saman ta, mita goma ko fiye, ta fi ta ɗumi. Da yake iska mai sanyi ta fi nauyi, takan gangara kamar ruwa ta taru a kwari da bayan katanga da duk wani wuri mai zurfi. Shi ya sa akan ga lambun da ke kwari ya ƙone, na kan gangare bai ji komai ba. Sanyin yakan kai ƙarshen tsananinsa daf da ketowar alfijir. Wannan iri shi ne ake iya yaƙa da sauƙi.

Iri na biyu kuwa iska ce mai tsananin sanyi ke kwararowa daga yankunan ƙanƙara, tana kaɗawa dare da rana, wani lokaci kwanaki a jere. A nan babu wata iska mai ɗumi a sama da za a jawo, kuma duk ɗumin da aka samar iskar na kwashe shi. Irin wannan ne ya auka wa jihar Texas a watan Fabrairun 2021, lokacin da ma'auni ya sauka zuwa kusan digiri 19 ƙasa da sifili a yankin birnin Dallas, gonakin lemu na kudancin jihar suka lalace, ƙiyasin farko na asarar noma ya zarce Dala miliyan 600.

Akwai kuma alamar da ke ruɗar mutane. Idan iska na da laima, raɓa takan daskare a kan ganye ta yi fari, kowa ya gani. Idan iska ta bushe ƙwarai, shuka na iya daskarewa ba tare da an ga farin komai ba, sai dai a wayi gari ta yi baƙi. Mutanen Brazil suna kiran wannan baƙin sanyi, kuma shi ne ya halaka gonakin kofi na jihar Paraná a watan Yulin 1975.

Matakan mai ƙaramin lambu

Mataki na farko shi ne bin hasashen yanayi, tare da sanin cewa hukumomi suna auna iska ne a wani ɗan tsayi daga ƙasa. Idan aka ce za a kai digiri 2 ko 3 a daren da sama ta washe, mai yiwuwa ne ganyen da ke kusa da ƙasa ya daskare.

Na biyu shi ne ban ruwa da rana, kafin daren da ake tsoro. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya shan ɗumin rana, ta kuma fi ta sakin sa a hankali cikin dare. Ba a so dai a cika ruwan har ya kwanta. Haka nan ba a kaftu ko noma ƙasa a irin wannan rana, domin ƙasar da aka sassauta ba ta riƙe ɗumi.

Na uku shi ne rufi. Akan yi amfani da tsohon bargo, ko zanen gado, ko buhun algarara, ko wani farin yadi marar nauyi da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Rufin ba ya samar da ɗumi da kansa, aikinsa shi ne ya tare wanda ke fitowa daga ƙasa. Saboda haka dole ya sauko har ƙasa ta kowane gefe, a danne bakinsa da duwatsu. Wanda ya ɗaure buhu a kan itace ya tsuke shi a jikin gangar kamar hula ya raba shukar da ɗumin da ake so ta samu. Akan rufe tun kafin magariba, a buɗe da hantsi. Idan leda za a sa, sai an kafa sanduna don kada ta taɓa ganye, domin duk inda ta taɓa nan sanyi zai ratsa. Irin wannan rufi digiri kaɗan yake ƙarawa, amma sau da yawa digiri biyu ko uku su ne tsakanin rayuwa da mutuwar shuka.

Na huɗu shi ne kare saiwa. Akan tara busasshiyar ciyawa ko ganye ko ƙaiƙayi a gindin itatuwa da shuke-shuke masu daɗewa, ta yadda ko sama ya mutu, saiwar za ta sake tsiro. Ƙananan itatuwan lemu akan tula musu ƙasa har ta rufe wurin da aka yi musu aure, domin daga nan ne irin mai kyau zai farfaɗo.

Shuke-shuken da ke cikin tukwane sun fi kowa shiga haɗari, saboda sanyi yana kai wa saiwarsu ta kowane gefe. Akan shigar da su ɗaki, ko a tattara su wuri ɗaya a jikin bangon da rana ta fi dukansa, a naɗe tukwanen da buhu.

Rumfar rainon shuka

Mutane da yawa suna zaton rumfar gilashi ko ta leda kariya ce cikakkiya. Gaskiyar ita ce gilashi da leda suna tara zafi da rana, amma suna sakin sa da sauri cikin dare. Rumfar da ba a ɗumama ta ba, kafin asuba bambancinta da waje kaɗan ne.

Masu irin wannan rumfa sukan rufe ƙofofi da tagogi tun da la'asar, su toshe duk wata kafa, su liƙa ledar nan mai kumfa-kumfa da ake naɗe kayan fashi da ita a jikin bango ta ciki. Sukan jera duro-duro masu baƙin fenti cike da ruwa, waɗanda ke shan zafi da rana su saki da dare. Sukan kuma ƙara rufe shuke-shuken da yadi a cikin rumfar, ya zama rufi biyu. Ma'aunin zafi ana ajiye shi daidai tsayin ganye, a kusurwar da ta fi sanyi.

Manoman gundumar Shouguang ta lardin Shandong a ƙasar Sin sun kai wannan dabara matuƙa. Rumfunansu suna da bango mai kauri na ƙasa ko bulo ta arewa, da rufin leda mai fuskantar kudu. Bangon yana shan rana yini guda, da yamma kuma a warware tabarmin ciyawa ko barguna masu kauri a kan ledar, a naɗe su da safe. Da wannan suke noman kokwamba da tumatir a tsakiyar hunturu ba tare da ƙona mai ba.

Inda ake amfani da na'urar ɗumama, akwai abubuwa biyu da ake kiyayewa. Mai aiki da kananzir ko gas tana bukatar 'yar kafar iska, domin tana iya fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum kafin ya farga. Mai aiki da lantarki kuwa tana mutuwa tare da wutar. A Texas, a daidai lokacin da sanyin ya fi tsanani ne wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin gidaje, don haka wanda ba shi da janareta ko wata hanya ta daban ya rasa abin da ya raina.

Dabarun manyan gonaki

Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce feshin ruwa. Duk lokacin da ruwa ke daskarewa yakan saki ɗan zafi, kimanin kalori 80 a kowane giram. Muddin ana ci gaba da fesawa, ƙanƙarar da ta lulluɓe fure ba ta sauka ƙasa da sifili sosai, furen ya tsira a cikinta. Sharaɗin shi ne ba a tsayawa sai rana ta fito ƙanƙarar ta fara narkewa. Idan famfo ya tsaya da tsakar dare, ko iska ta taso da ƙarfi, ɓarnar takan fi ta wanda bai fesa ba. Dabarar tana cin ruwa ƙwarai. A watan Janairun 2010, manoman sitiroberi na yankin Plant City a Florida sun yi darare a jere suna zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, har rijiyoyin gidaje suka ƙafe, ƙasa ta rufta a wurare da dama.

Wasu gonakin suna kafa manyan fankoki a kan dogayen turaku, su riƙa jawo iskar sama mai ɗumi suna gauraya ta da ta ƙasa. A New Zealand da wasu ƙasashe har jirage masu saukar ungulu akan ɗauko haya su yi ta shawagi a kan gona don wannan aiki. Fanka da jirgi da kyandira duk a daren da iska ta kwanta suke da amfani.

Bayan sanyi ya wuce

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar datse rassan da suka yi baƙi. Matattun ganyen suna kare abin da ke ƙarƙashinsu idan sanyin ya dawo, kuma datsa tana sa shuka ta fitar da sabon toho a lokacin da bai dace ba. Akan jira har yanayi ya daidaita, a kankare ɓawon reshe da farce: idan ƙarƙashinsa kore ne, yana da rai. Ba a kuma zuba taki nan take, saboda dalili ɗaya.

Abin da ya shafe mu

A mafi yawan ƙasar Hausa jaura ba ta kai ga daskarar da ruwa, ko da yake masu lambuna a tsaunukan Azbin na Jamhuriyar Nijar sun san dararen da ma'auni ke kusantar sifili, kuma masu rainon dashe a tudun Jos sun san yadda sanyin Disamba da Janairu ke tauye ƙananan tsirrai. Dabarun ban ruwa da rana, da rufi kafin magariba, da guje wa kwari, suna musu aiki kamar yadda suke yi wa manomin Turai.

Ɗan kasuwa kuma yana jin abin a farashi. Lokacin da sanyi ya ƙone gonakin kofi a jihar Minas Gerais ta Brazil a watan Yulin 2021, farashin kofi a kasuwannin duniya ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, kuma da yake itacen kofi yana ɗaukar shekaru kafin ya soma 'ya'ya, tasirin bai tsaya a kaka ɗaya ba. Mai shigo da kofi ko lemun kwali ko tuffa, idan ya ji labarin sanyin ba-zata a ƙasar da kayansa ke fitowa, yana da dalilin sake duba lissafinsa tun kafin sabon farashi ya iso kasuwa.