Manoman Kano da Shekarun Fari

A ƙasar Kano damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar. Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, wata shekara ya makara, wata kuwa ya ɗauke tun hatsi bai nuna ba. Saboda haka tun zamanin kakanni manomi ba ya dogara ga abu guda. A gona ɗaya yakan shuka gero da dawa da wake. Gero yana nuna cikin kamar wata uku, shi ke fid da gida daga yunwar bazara. Dawa kuwa sai kaka ta yi. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Waɗansu sukan yi binne, watau su shuka iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwan farko. Mai fadama kuma, da rani sai ya kafa jigo, ya yi lambun albasa da alkama. Abin da ya ragu a zuba a rumbu domin baƙar shekara.

A cikin 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Shekara ta kewayo 'yan kasuwa suka shiga sayen gyaɗa da tsada, ga kuma haraji ana biya da kuɗi. Manoma da yawa suka ƙara gonakin gyaɗa. Sai damina ta 1913 ta ƙi. A 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba, mutane masu yawa suka mutu, waɗansu suka bar garuruwansu suka yi kudu.

Barin gida ma tsohuwar dabara ce. Da an gama girbi samari sukan tafi cin rani, don a rage masu cin hatsin rumbu. Akwai waɗanda tafiyarsu ta zarce haka, suka bi hanyar hajji a ƙasa. Suna tafe suna ƙodago, su yi shekaru a gonakin auduga na Jazira a Sudan, sa'an nan su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Har yanzu akwai zuriyar Hausawa a can.

Fari ya sake komowa a 1972 da 1973, kana a 1975 cuta ta lalata gyaɗa. Manoma suka koma ga wake da gero mai saurin nuna, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Gwamnati ta gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kadawa. Amma yawancin talakawa ruwan madatsa bai kai gonakinsu ba. Su dai abin da suka riƙe shi ne na iyayensu: takin da jaki ke kaiwa gona a mangala, da 'yan awaki da za a sayar ran da rumbu ya ƙare, da iri daban-daban a gona guda.